Banɗakin Tarayya a Unguwar da Ruwa Ke Wuya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda gidaje da yawa ke shiga banɗaki ɗaya, ruwan da za a zuba kuma sai an saya ko an yi layi, tambayoyin da ke tasowa kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar awo da lissafi.

1. Ruwa nawa mutum ke buƙata a rana, kuma nawa ne rabon banɗaki a ciki?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana a matsayin abin da zai ishi mutum sha, girki da wanke hannu da ƙyar. Sai an kai wajen lita 50 kafin wanka da wanki su samu yadda ya kamata. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji ke bi a sansanonin 'yan gudun hijira, sun sa lita 15 a matsayin mafi ƙaranci. Iyali mai mutum shida da ke sayen jarka huɗu masu lita 20 a rana, kowa ya tashi da kusan lita 13, ƙasa da abin da aka yanka wa ɗan gudun hijira ke nan. Da fari ya matsa wa birnin Cape Town a 2018, an taƙaita wa kowa lita 50, duniya ta ɗauka da surutu. A unguwannin marasa galihu da yawa, lita 50 ɗin nan wadata ce.

Banɗaki kuwa ba ya cin ruwa kamar yadda ake zato. A lissafin Sphere, lita 1 zuwa 2 ga kowane mutum ta isa wanke hannu a rana, lita 1 zuwa 2 ga masu tsarki da ruwa, sai lita 2 zuwa 8 don wanke ɗakin banɗakin kansa. Mai cinye ruwa shi ne banɗakin zamani mai tanki (duba tambaya ta 7).

2. Shin tarayya a banɗaki ita kanta matsala ce?

UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙididdigar da suke yi tare, ba sa lissafa banɗakin da gida biyu ko fiye ke shiga cikin cikakken tanadi, komai kyawun gininsa. Suna da hujja: yawanci ya fi ƙazanta, ana yi masa layi, kuma da dare ba kowa ke iya zuwa ba. Amma mutum fiye da biliyan 1 ne ke zaune a unguwannin cunkoso a duniya, da yawansu iyali guda a ɗaki guda na haya. Cewa kowa ya haƙa nasa magana ce kawai, don babu filin.

Abin dubawa shi ne su wa ke shiga. Banɗakin gidan haya da maƙwabta suka san juna daban, na bakin titi da kowa ke faɗawa daban. Binciken da aka yi a unguwannin Kampala ya nuna cewa wanda gidaje huɗu ko ƙasa da haka ke amfani da shi yana kusa da na gida ɗaya wajen tsabta, amma da adadin ya haura sai lamari ya lalace. Sphere ta sa mutum 20 a matsayin iyaka ga kowace ƙofa. In kun wuce haka, ku karanta tambaya ta 10 da kyau, don tsari ne kawai zai rufa muku asiri.

3. Ta wace hanya cuta ke fitowa daga banɗaki ta shiga cikin mutum?

Ba ta wari ba, ko da yake an daɗe ana zaton haka. Hanyar ita ce ɗan abin da ido ba ya gani na kashin wani ya kai bakin wani: ta yatsu, ta ƙudaje, ta ƙasar da yaro ke rarrafe a kai, ta ruwan sha, ta abinci. Haka kwalara, taifot, atini, ciwon hanta nau'in A da E, shan inna da tsutsar ciki ke yawo.

A 1854 kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane cikin 'yan kwanaki a wata unguwa ta Landan. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano daga famfon rijiya guda suke ɗiba, a titin Broad Street. Daga baya aka tarar da ramin ƙazanta dab da rijiyar yana tsiyaya cikinta.

A banɗakin tarayya, wurin da ya fi haɗari sau da yawa ba bakin ramin ba ne, don kowa yana kaffa-kaffa da shi. Ku dubi mariƙin ƙofa, sakata, hannun buta, da kofin da ake kamfatar ruwa daga duro. Mutum talatin za su taɓa su kafin rana ta take, babu wanda ya tuna ya wanke su.

4. In ruwan bai isa komai ba, me za a fara da shi?

Sha da girki tukuna, sai wanke hannu, sai tsarki. Wanke daɓen banɗaki da kora kashi su ne na ƙarshe, kuma bai kamata a taɓa musu ruwa mai kyau ba (duba tambaya ta 5).

Mutane da yawa suna juya wannan jeri. Za ka ga an kwarara bokiti guda na ruwan saye a ƙasan banɗaki don a kashe wari, sannan a fito a goge hannu a jikin riga a ce babu ruwa. Bokitin nan da an rataye shi a ƙofa da sabulu, da ya wanke hannun gidan gaba ɗaya har dare. Banɗaki mai ɗan wari da ake wanke hannu a ƙofarsa ya fi mai ƙyalli da ba a wankewa, nesa ba kusa ba.

5. Za a iya amfani da ruwan wanki ko na wanka a banɗaki?

Ƙwarai kuwa, ya ma fi dacewa, tunda akwai sauran sabulu a cikinsa. A tsaya cikin baho a yi wanka, a tara ruwan ɗauraya na wanki a bokitin da aka ware, a yi masa alama don kada yaro ya sha. Kada ya wuce yini guda a ajiye, yana ruɓewa ya yi ɗoyi. Ruwan wanke-wanke mai maiƙo da ɓarɓashin abinci ba ya cikin wannan, toshe bututu yake yi ya tara kyankyasai. Ruwan da aka wanke kayan mai gudawa ko nafkin ɗin jariri kuwa, kai tsaye cikin rami za shi, ba kan daɓe ba.

Masu masai busasshe su yi hattara: yawan zuba ruwa yana cika shi da wuri, yana kuma jiƙa bangon ramin har ya rufta.

6. Yaya za a wanke hannu da ɗan ruwa, kuma me za a yi da masu ɗauke sabulu?

A sami ƙaramar jarka, a huda ta kusa da wuya da ƙusa mai zafi, a rataye ta a sanda tsakanin itace biyu. A ɗaura igiya daga wuyanta zuwa wani ɗan itace a ƙasa. In ka taka itacen, jarkar ta karkata, ruwa ya zubo siriri, ba ka taɓa komai da hannu ba. Kofi guda ya wadatar: a jiƙa, a saki, a cuɗa sabulu na daƙiƙa 20 har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, sannan a sake takawa a ɗauraye. A zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya zama caɓi. Abin da ba a so shi ne kwano guda da kowa ke tsoma hannu, domin na ƙarshe dattin na farko yake shafawa.

Sabulun sanda ba ya kwana a banɗakin tarayya, kowa ya sani. Dabarar da aka gwada a unguwannin Bangaladash ita ce ruwan sabulu: giram 30 na garin sabulun wanki a cikin gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a huda murfin, a ɗaure gorar da igiya. Yana wanke hannu kamar sabulu, yana daɗewa, kuma ba wanda zai sa shi aljihu. In babu ko wannan, toka mai tsabta da ruwa, da babu gara ba daɗi. Man goge hannu mai barasa ba ya aiki sosai a hannun da ake ganin datti a kansa.

7. Wane irin banɗaki ya dace da inda ruwa ke yankewa?

Mai tanki yana zubar da lita 6 zuwa 9 a kowane ja, tsofaffin samfuri ma fiye da haka. Mutum ashirin su shiga sau biyu-biyu, an tasam ma lita 300. Ranar da famfo ya ɗauke, kashi ya tsaya a kwano, na biyu ya zo ya ƙara a kai, kafin yamma an rufe ƙofar da waya. A unguwar da ba ta da tabbacin ruwa, wannan banɗaki ado ne mai jawo wahala.

Na tsugunno da ake korawa da bokiti yana cin lita 1 zuwa 3, kuma ɗan ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututunsa yana tare wari da ƙuda. Akwai kwanon roba mai ɗan murfi a ƙasa da ke buɗewa da nauyin abin da ya faɗa masa ya koma ya rufe, irin SaTo, wanda bai cin lita guda. Masai busasshe ba ya son ruwa sam. An inganta shi a Zimbabuwe a shekarun 1970 da bututun iska (duba tambaya ta 8). Inda ƙasa ba ta haƙuwa ko ruwa ke kusa da sama, ana amfani da banɗaki mai mazubi da ake rufewa a ɗauke a musanya, kamar yadda ake yi a wasu unguwannin Nairobi da Haiti. Sharaɗinsa a sami masu kwashewa da ba sa fashi.

8. Me ke maganin wari da ƙudaje?

Yawancin warin da ke tarar mutum a ƙofa na fitsari ne da ya shige cikin siminti mai kaushi. A shafe daɓen ya yi sumul, a karkatar da shi wajen rami, ruwa kaɗan zai wanke shi. A masai busasshe, a riƙa watsa ɗan kofin toka bayan an gama, a rufe bakin da murfi mai dogon mariƙi.

Mai bututun iska dokarsa daban. Bututun ya zarce rufi da rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga, cikin ɗakin ya zama da ɗan duhu, kuma ba a rufe bakin ramin, don iska ta nan take shiga ta fita ta sama. Ƙudan da ke ciki yana bin haske, ya hau bututu, raga ta tare shi ya mutu. Raga ta yage, aikin ya tashi, don haka a riƙa leƙa ta. Kananzir da baƙin mai da wasu ke zubawa suna gurɓata ruwan ƙasa, kananzir kuma yana iya kamawa da wuta.

9. Yaya ake haɗa ruwan bilic, kuma kullum za a zuba?

A duba kwalbar a ga ƙarfinsa, yawanci tsakanin kashi 3.5 ne da kashi 6 cikin 100. Don daɓe, bango, ƙofa da buta, ana son kashi 0.2. In bilic ɗin mai kashi 5 ne, awo 1 a cikin awo 24 na ruwa ke nan. Don kashi da aman mai kwalara ana son kashi 2, wato awo 2 na bilic da awo 3 na ruwa. A fara wanke dattin da sabulu, domin bilic yana mutuwa a kan ƙazanta. Sannan a shafa, a bar shi kamar minti 10. Haɗin ba ya ajiyuwa, a yi sabo kullum, a kuma nisanta shi da rana.

Kada a haɗa bilic da ruwan wanke kwanon banɗaki mai asid, ko a zuba shi a bokitin fitsari. Hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum, balle a ɗaki marar taga. A ranakun lafiya, sabulu da burushi sun wadatar, a ajiye bilic don mariƙin ƙofa da lokacin ciwo (duba tambaya ta 14). Kwarara shi cikin rami ko sokawe ɓarna ce, yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da kashin.

10. Kullum rigima muke a kan wanki. Yaya ake raba aikin?

Nan ne ainihin matsalar take. Banɗakin da aka ce "kowa ya gyara bayansa" ƙarshensa mace guda ce ke wankewa, wadda ɗakinta ya fi kusa da warin, har ranar da za ta gaji ta yi fushi. Abin da ke aiki shi ne karɓa-karɓa a rubuce, a manne a ƙofa. A raba gida-gida, mako-mako, don in rana-rana ce mai aiki yakan ce ba shi ya ɓata ba, na jiya ne. A faɗi abin da "wanki" ke nufi: daɓe, bakin rami, ƙofa, buta, cika jarkar wanke hannu, zubar da kwandon shara. A yi miƙa aiki ido da ido, mai karɓa ya leƙa kafin ya amsa.

Sai kwaɗo, kowane gida da ɗan makullinsa. Wasu na ganin rowa ce, amma banɗakin da masu wucewa ke shiga ba ya tsabtuwa. Sai ɗan asusu na wata-wata don sabulu, tsintsiya, burushi, ƙwan fitila da kuɗin kwasa, a hannun mutum guda mai rubutawa. Gidan da ya fi yawan mutane ya fi biya. Gwauraye da samari da ke fita tun asuba ba a ɗauke musu ba, ko su yi, ko su biya wanda zai yi. Gyaran gini da kwasar rami kuwa, a fayyace da mai gida tun ranar karɓar haya wa zai ɗauka.

11. Yara, mata da tsofaffi fa?

Ana raina kashin yaro, alhali ya fi na babba ɗaukar ƙwayoyin cuta. Ƙaramin yaro yana tsoron duhu da faɗin rami, saboda haka a ba shi fo, a juye cikin rami nan take, a wanke fo ɗin da hannun mai wankewa. Faɗin bakin rami kada ya wuce santimita 25.

Mata da 'yan mata da yawa suna rage shan ruwa su riƙe fitsari don gudun fita da dare, abin da ke jawo ciwon mafitsara. Fitila a hanya da sakata ta ciki suna rage wannan fiye da kowace nasiha. In dole sai an yi a ɗaki, bokiti mai murfi da za a juye da safe ya fi ledar da ake ƙullewa a wurga kan rufi ko cikin kwata. A ajiye kwando mai murfi don audugar mata, tunda jefa ta a rami matsala ce (duba tambaya ta 13). Tsoho ko mai juna biyu, ƙarfen riƙewa a bango ko kujera mai huji ya ishe su.

12. Rijiyarmu na kusa da masai. Ruwanta zai shawu?

Ƙa'ida ita ce aƙalla mita 30 tsakanin rami da rijiya, gindin ramin kuma ya fi ruwan ƙasa tudu da mita ɗaya da rabi. A unguwar da gida ke manne da gida, da wuya a sami haka. Saboda haka a ɗauka ruwan ya gurɓata ko da ya fito garau. Na famfo ma ba a cika yarda da shi ba inda yake zuwa yana ɗaukewa: lokacin da bututu ya zama fanko, yana zuƙo ruwan kwata ta inda ya tsage. Na 'yan garuwa kuwa, ya danganta da inda suka ɗebo da ranar da suka wanke jarkokinsu.

A tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kulorin yadda takardarta ta ce a jira minti 30. In ya yi gurɓi, a bari ya kwanta a tace da ƙyalle tukuna. Akwai kuma shanya shi a rana cikin gorar roba da ake ganin cikinta na awa 6, ko kwana biyu in akwai hadari. Bayan haka a adana a jarka mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayowa. Bokitin banɗaki kada ya kusanci bakin rijiya, guga kuma kada ya taɓa ƙasa.

13. Yaushe ake kwashe rami, kuma me ya sa namu ke saurin cika?

In ya rage rabin mita ya kai baki, lokaci ya yi. Mutum guda yana tara abin da ya kai lita 40 zuwa 60 a shekara, don haka ramin mutum talatin ba zai yi shekarun da aka saba ji ba. Abin da ke ƙara masa sauri shi ne shara: leda, tsumma, nafkin, kwalabe. Su ne kuma ke toshe bututun motar zuƙa, har a ce sai an shiga da bokiti. Garin da ake tallatawa wai yana cinye kashi, kada ku dogara da shi.

Shiga rami kasada ce ta rai. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a can yake zama. Kada a leƙa da ashana ko aci-balbal. In lungu ya yi wa mota ƙunci, akwai famfon hannu da ake zuƙowa cikin duro a tura da amalanke. Masu aikin su sa safar hannu, takalmin roba da takunkumi, ku kuma tambaye su inda za su zubar. A yi kwasa kafin damina. Buɗe wa rami hanya ya bi ruwan sama, abin da ake yi a ɓoye cikin dare, kai wa maƙwabcin gangare kwalara ne har gida. Inda ambaliya ke shiga, a ɗaga bakin ramin sama da inda ruwa ke kaiwa.

14. Wani a gidan ya kamu da amai da gudawa. Me za mu yi?

A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun kafin a tafi asibiti. In babu na fakiti, lita guda ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jariri ya ci gaba da shan nono. Yaro ana ƙara masa ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. In gudawar fara ce tsululu kamar ruwan shinkafa, ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, ko ba ya iya sha, a garzaya da shi. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i.

A ware masa bokitinsa. Kafin a juye, a zuba haɗin kashi 2 a bar shi ya jima, a wanke banɗakin da na kashi 0.2 duk bayan shigarsa (awon yana tambaya ta 9). Mai jinya kada ya yi girki. Kuma a faɗa wa maƙwabta da jami'an lafiya, domin ɓoyewa don kunya ita ke mai da ciwon ɗaki guda na layi guda.

15. Duk wannan a wuyanmu yake? Ina hukuma?

A'a. Ranar 28 ga Yuli, 2010, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwa mai tsabta da banɗaki haƙƙin ɗan Adam ne, kuma buri na 6 cikin muradun ci gaba mai ɗorewa ya yi alkawarin kai su ga kowa nan da 2030. Duk da haka, a 2022 mutum biliyan 3.5 ba su da ingantaccen tsarin kawar da bayan gida, miliyan 419 kuma a fili suke yi. Mazaunan unguwannin cunkoso sukan sayi lita da tsada fiye da masu famfo a gida, ga hukumomi na ƙin ja musu bututu da hujjar ba su da takardar fili.

A unguwar Orangi da ke Karachi a Pakistan, daga 1980, ƙarƙashin shirin da Akhtar Hameed Khan ya kafa, mazauna kowane layi suka haɗa kuɗi suka shimfiɗa ƙaramin bututun ƙazanta na layinsu, aka bar wa gwamnati manyan bututu da wurin tacewa. Wannan rabon shi ne daidai: na cikin gida da layi naku, babban bututu, famfon unguwa da wurin zubar da abin da aka kwaso nasu. In za ku je wurinsu, ku tafi a ƙungiyance da lissafi a takarda: gidaje nawa, mutum nawa, ƙofar banɗaki nawa ke aiki, awa nawa famfo ke kawo ruwa a mako, yara nawa suka kwanta da gudawa a watan jiya. Ku bar musu kwafi, ku karɓi sa hannun wanda ya amsa da kwanan wata.